Gwaggo, Mai Jan Waƙar Masu Ɗaukar Dutse

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga gare Shi muka fito, Gwaggo kuwa ta riga mu komawa.

Ranar wata Talata da hantsi aka kira ni. Ina ɗakin awon ciki a likitar da nake aiki a Madawa, hannuna bisa cikin wata mata, salula na ta kuka a aljihun rigar aiki. Da na sallami matar na duba, sai na ga yayana ne. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Gwaggo ta cika," ya ce. "Ba ki iske jana'iza, amma ki taho."

Gwaggo yayar mahaifinmu ce, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka sha nono ɗaya da shi. Na samu motar Buza, daga can na hau kabu-kabu zuwa ƙauyenmu da ke gefen Garhanga. Ko da na isa an rufe ta, maza sun dawo sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Kwana uku na yi zaune cikin mata ina sauraron masu gaisuwa. Kusan duk bakinsu ɗaya: Allah shi gafarta mata, tsohuwar kirki ce, ba ta da abokin faɗa. Wannan na ƙarshen ba gaskiya ba ne, kuma da tana raye ita za ta fara ƙaryata shi. A radiyo an yi sanarwa, an ce ɗiyar wane ce, uwar wane da ke Abijan da wane da ke Libiya. Ba a ce ta taɓa buɗe baki ta yi waƙa ba. Tun ranar farko yayana ya ja ni bayan rumbu ya gargaɗe ni.

"Na san ki da son tone-tone. Kar ki tada zancen waƙa gaban mutane. Tsohuwa ta daɗe da barin wanga abu, ta kama tasbaha. A bar ta da abin da ta cika a kai."

Na ce masa to.

A rana ta biyu na ji matar ƙanena, yarinya ce da aka kawo gidan shekara huɗu da suka wuce, tana tambayar ta kusa da ita a hankali wai da gaske ne tsohuwar zabiya ce a da. Waccan ta ce ita ma haka ta ji, amma ba ta taɓa ganin ganga ko ƙwarya a ɗakinta ba. Shekara huɗu yarinyar nan tana kai mata fura.

Mutum biyu ne suka zo da wata magana dabam. Ɗaya wata mata ce mai jikoki, daga wani ƙauye wajen Dewule, wadda ta faɗi a bakin ɗakin Gwaggo ta yi kukan da ko mu dangi ba mu yi ba, har mata suka fara tambayar juna ko wace ce. Ni na gane ta, zan zo kan labarinta. Ɗayan kuma wani tsoho ne daga Tama da ya biyo motar kasuwa. Ya zauna cikin maza har aka yi la'asar, sannan ya roƙi a kai shi bakin zaure inda mata za su ji shi.

"Ni ban san ta ba," ya ce. "Ko gaisawa ba mu taɓa yi ba. Amma na yi rani biyu ina jera dutsi bisa tudun can, ita da matan garin nan ka kawo muna. In rana ta take, gwiwa ta mutu, sai mu jiyo su daga gangare suna tahowa. Wallahi da muryar wagga baiwar Allah munka gama aikin nan."

Ya rufe ido ya fara jan wani abu a maƙogwaro, yana neman kan waƙar. Tari ya sarƙe shi. Kafin ya sake gwadawa yayana ya ce a yi fatiha, aka shafa, tsohon ya ɗauki sandarsa.

Na yi wa yayana alkawarin ba zan tada zancen gaban masu gaisuwa ba, kuma na cika. Takarda ba ta cikin alkawarin.

Gidanmu asalinsa gidan Azna ne. Kakannin kakanninmu su ke yanka a gindin dutsen yamma da gari kafin a yi shuka. Kakanmu ne ya musulunta, amma matarsa, uwar su Gwaggo, ta shigo musulunci da waƙoƙinta duka: na niƙa, na daɓe, na kiran ruwa in damina ta yi gardama. A gindin dutsen niƙarta Gwaggo ta tashi. Ta kan ce ba ta tuna ranar da aka koya mata waƙa ba, kamar yadda ba ta tuna ranar da aka koya mata tauna ba.

Ƙungiyar waƙarsu, ita da wasu mata uku, ta samo asali ne bayan babban farin da ya watsa Adar. Mazan garinmu sun tafi biɗa, wasu Kurmi can wajen bakin teku, wasu Najeriya, aka bar mata da yara da tsofaffi. Sai aikin furoje na masu agaji ya zo, na jera duwatsu a kan tuddai don a tare ruwa ƙasa ta farfaɗo, ana ba masu aiki hatsi da mai. Mata ne suka fi yawa a aikin. Kowace ta ɗora dutse a kan gammo, ta dafe shi da hannu biyu, ta hau tudu, ta sauke, ta gangaro. Ina goye a bayan Innata aka fara, ina da wayo aka gama, don haka ƙarshensa na gani da idona.

Abin da ya sa waƙarsu ba ta da kiɗa ke nan. Hannu biyu na kan dutse, babu na tafi balle na ƙwarya. Gwaggo ta fara ja ita kaɗai don ta manta da wuyanta. Cikin mata fiye da ɗari da ke amsawa, uku ne kunnenta ya tsinto, ta yi ta matsawa har ta jera su bayanta a layi.

Ta farko Innata ce, matar ƙanenta. Inna ɗiyar makaɗa ce daga wajen Buza. Ubanta da yayyenta duk masu gangar noma ne, ita kuwa da yake mace ce ba a taɓa barinta ta rataya ganga ba. Ta girma tana jin kiɗa safe da yamma ba ta da inda za ta sa shi, sai ta mayar da shi ƙirjinta. Muryarta kauri gare ta kamar ta namiji. Ba ta cika furta kalma ba. Wani gunji take yi daga ƙasan ƙirji, tana datse shi tana saki, wanda ya ji daga nesa sai ya rantse da ganga aka taho.

Ta biyu ɗiyar limamin garin ce, wadda kowa ke kira Malama. Ita a bayan zauren ubanta ta koyi nata, inda take laɓewa tana jin manyan ɗalibai suna rera yabon Annabi a watan Mauludi. Daga can ta samo dogon numfashi da iya lanƙwasa ƙarshen kalma. Ita ke riƙe da amshi. Ta ukun maƙwabciyarmu ce, Buzuwa, wadda fari ya kashe wa dangi dabbobi ya sauko da su daga arewa. Hausarta ba ta nuna ba a lokacin. Abin da ta zo da shi wani sauti ne guda da take riƙewa a maƙogwaro baki rufe, irin wanda ta ce yayyenta maza ke yi in mata na kiɗan turmi a rugarsu. Sautin ba ya hawa ba ya sauka, sauran ukun suna yawo a kansa. In waƙa ta kai inda take so, sai ta sake shi ta rangaɗa guɗa.

A wancan zamani waɗannan huɗun ba masu zama tabarma ɗaya ba ne. Liman bai so ɗiyarsa ta jera da jikar masu yanka a dutse ba, kuma ba wanda ke ganin ɗiyar makaɗa a bakin komai. Yunwa ce ta jera su. Da aikin dutse ya ƙare ba su rabu ba. Aka fara kiransu daɓe, da suna, da wankan amarya, har ƙauyukan Keita da na Tama. A ƙasa suke tafiya, Gwaggo a gaba, takalmanta a hannu.

Ba ta yarda a ce mata zabiya ba. Ba ta taɓa wasa wani mai sarauta ko mai dukiya ba, kuma in aka matso za a manna mata wani abu a goshi tana cikin waƙa, sai ta kauce. Kafin su fara takan sha ruwan ɗumi da ɗan citta, ta hana sauran cin goro tun safe, abin da Inna ba ta taɓa yafe mata ba. Kullum a tsaye suke yi, kafaɗa na taɓa kafaɗa, Inna a hagunta. Wata rana wani mai kalangu ya shigo fili don ya taimaka musu, da kyakkyawar niyya. Gwaggo ta yanke waƙar a tsakiya, ta dube shi.

"Ɗan'uwa, mun gode. Muna da namu." Ta nuna ƙirjin Inna.

Abin da ta fi faɗa wa 'yan amshinta shi ne, "Ki saurari ta kusa da ke. In kina jin muryarki, kin yi ƙarfi." Tana da faɗa a kan wannan. Na ga ranar da ta sa Malama, ɗiyar liman guda, ta maimaita ƙarshen baiti ɗaya tun azahar har inuwa ta kai bakin rijiya, Malama na share hawaye da gefen lulluɓi.

Matar nan da ta yi kuka a bakin ɗaki, ubanta kuturu ne, bukkarsa can bayan gari kusa da kwari. Da aurenta ya zo, makaɗa suka ce an riga an kira su wani gari. Matan unguwa kowace ta samu uzuri. Ina da shekara tara ko goma. Da safe Gwaggo ta leƙo gidanmu ta ce wa Inna ta ɗauko mayafinta, suka bi ta kan sauran biyun, ni ma na bi su. Muka iske amarya da uwarta su biyu a tsakar gida, ga tukunyar tuwo an sauke ba mai ci. Gwaggo ta zauna, ta wanke hannu, ta jawo akushin gidan ta ci, ta miƙa wa Malama. Malama ta yi jim, sannan ta sa hannu. Da suka ƙoshi suka miƙe suka jeru suna fuskantar gari. Tun hantsi suke yi. Kafin azahar yara sun cika wurin, bayan su 'yammata, can wajen la'asar sai ga iyayen da suka ce ba su da lafiya suna tahowa ɗaya-ɗaya, wai sun zo kiran 'ya'yansu. Da rakiya mai yawa aka kai amaryar nan. Gwaggo ta yi kwana huɗu muryarta a dishe, kuma ba ta taɓa tada zancen ba.

Yanzu sai rigimar da ta raba su. Ba na jin daɗin rubuta ta, don uwata ce a ɗaya gefen.

Ina aiki a Madawa a lokacin, amma na zo hutu, a gabana aka yi. Watanni kafin nan wani saurayi ya zo daga Tawa da na'urar ɗaukar murya, mai ladabi, ya durƙusa ya gaida su, ya ce yana tattara waƙoƙin da don kar su ɓace. Suka yi masa guda uku a gindin gawo. Ɗaya daga ciki ita ce wadda Gwaggo ta yi wa shekarar yunwa, lokacin da ta tafi neman abinci kudu da ɗiyarta ta goye, ta binne ta a hanya. Gwaggo na cewa:

"Mun tahi da goyo, mun komo da zane."

Su kuma suna amsawa:

"Zane bai kuka, Allah, zane bai kuka."

Ba sa yin ta wurin biki. Sai in su huɗu ne, ko an roƙe su.

Ranar da nake faɗi, muna zaune muna sussukar gero sai muka ji muryar Gwaggo na fitowa daga salular wani mai kabu-kabu a ƙofar gida. An sa mata fiyano da kiɗan inji, an ƙara mata sauri, an matse muryar ta koma kamar ta yarinya. An cire Inna da Buzuwa gaba ɗaya, inji ya maye wurinsu. Aka ce har a Yamai ana rawa da ita wurin biki. Mai kabu-kabun ya kawo saƙo kuma: saurayin na gayyatar su Tawa su yi wasu.

Inna ta yi murna, duk da an cire ta. Duk rayuwarta ana ce mata ɗiyar maroƙa, yau ga waƙarsu ta kai babban birni.

"Yaya, mu tahi," ta ce wa Gwaggo. "Mi munka samu a garin nan? Ko 'yammata ba su kiranmu yanzu. Can aƙalla an san muna raye."

"Da ɗiyata suka rawa," in ji Gwaggo. "Kin ji ko ba ki ji ba? Da ɗiyata da na rufe da hannuna."

"Waƙar ba taki ba ce ke ɗaya. Mu ma mun binne."

Nan Gwaggo ta faɗi abin da bai kamata ba. Ta ce ai dama jinin roƙo ba ya ɓoyuwa, duk inda aka kaɗa kwano can za a ga ɗiyar makaɗa. Inna ta ajiye taɓarya. Ta ce gara mai roƙon mutane da mai roƙon dutse. Malama ta shiga tsakani tana salati, amma an riga an faɗa. Shekara talatin da wani abu suna kafaɗa da kafaɗa, kuma kowace ta san daidai inda za ta soki 'yar'uwarta.

Ba a je Tawa ba. Ba a kuma sake jeruwa ba. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, suka yi damina biyu ba mai ce wa wata ina kwana. Cikin wannan tsakanin ɗan Buzuwa ya zo ya ɗauke ta zuwa Agadas, inda yake gadi. Ta shiga gidajen biyu ta yi ban kwana dabam-dabam. Labarin rasuwarta sai bayan wata biyar ya iso mu.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da Inna, na ɗauki hutu na zo jinya. Wata safiya ina dama mata kunu sai ga Gwaggo a bakin ƙofa, takalmi a hannu. Ta shigo ta zauna a hagun gadon.

"Ni na fara," ta ce. "Bakina ya yi muni. Ki yafe mini."

Inna ba ta da numfashin magana. Ta ɗaga hannu ta ɗora bisa ƙirjinta, ta fara bugawa da yatsu biyu a hankali, irin bugun da take yi da murya a da. Gwaggo ta gane waƙar. Ta buɗe baki za ta ja, sai muryar ta ƙi fita. Suka zauna haka, ɗaya na bugawa ɗaya na kallo, har kunun ya huce a hannuna. Bayan kwana shida Inna ta rasu.

Tun daga nan Gwaggo ba ta sake waƙa a fili ba. Yayana ya ɗauka tuba ta yi, don shekarun nan wa'azi ya yi yawa a kan waƙar mata, shi ma yana cikin masu yi. Na tambaye ta ko haka ne. Ta ce ita dai ba ta ga zunubin da ta yi da dutse a ka ba, amma Allah ne masani. "Ba ƙasa, ɗiyata," ta ce. "Innarki ce ƙasa. Bisa mi zan taka?"

Ni ma ina da nawa laifin, kuma ba ƙarami ba ne. Ina da murya. Tun ina ƙarama Gwaggo ta ji, ta ce wa mahaifina wagga tawa ce. Takan zaunar da ni gefen dutsen niƙa ta ja, in amsa. Da aka sa ni lakwal, wato makarantar boko, wata rana a filin wasa na manta kaina na fara rera waƙar daɓe, yara suka kewaye ni suna dariya suna ce mini 'yar ƙauye mai waƙar tsofaffi, alhali dukanmu 'yan ƙauyen ne. Daga ranar na rufe bakina. In ta kira ni sai in ce ina da karatu. Da na girma na daina jin kunyar, sai aiki ya zo, da aure, da 'ya'ya. Kullum ina ce mata in na samu dogon hutu zan zo mu zauna. Takan ce, "To, Allah shi kawo hutun."

Ta gwada da wasu. Bayan rasuwar Inna da shekara ɗaya ta tara 'yammatan unguwa shida a tsakar gidanta, ta dafa musu wake. Sun zo kwana uku, suka daina. Ba ta ga laifinsu ba. Ta ce da mi za su riƙe waƙar niƙa, su da ke kai hatsi inji? Ɗaki kuwa siminti ake zuba masa, ba mai kiran daɓe. Wurin biki akwatin kiɗa ake haya, mai ƙarar da ko kusa da shi ba a iya gaisawa. Samarin da za su tsaya su saurara suna Libiya da Aljeriya. Har duwatsun da suka jera, ruwa ya ture wasu, ba a samu hannun da zai mayar ba.

Zuwana na ƙarshe tana raye, bayan girbi ne. Na iske ta ta rame, ido ya yi hazo, amma hankalinta garau. Na roƙe ta ta bari in ɗauki muryarta a salula. Tun abin da ya faru da saurayin Tawa ba ta yarda a nufe ta da na'ura ba. Na rantse mata ba mai sa mata fiyano. Sai ta ce in ɗumama mata ruwa da citta.

Ta ce sai na tashe ta tsaye. Na jingina ta da bangon ɗaki, rana na dukan rabin fuskarta. Ta yi tara a ranar. Biyu daga na uwarta, na kiran ruwa, ta ce ba za ta yi ba, akwai sunayen da ba a kira a gidan da ake salla, waɗannan da ita za a rufe su. Sauran ta yi su yadda ta saba: ta ja nata baitin, ta yi shiru daidai tsawon amshi, sannan ta ci gaba. Na ce mata ta riƙa yin amshin da kanta don kar a rasa shi.

"Ba nawa ba ne," ta ce. "Ban taɓa yin shi ba."

Ta ƙarshe ita ce ta hawan tudu, wadda suke yi in sun kusa kai dutse sama. Mai ja tana tambaya, "Wa ke bayana?" na baya su ce, "Mu ne, taka sannu." A salulata tambayar ce kawai. Sau bakwai tana yi, bayan kowace sai kukan kaji da iska.

Bayan sadakar bakwai, kafin in koma Madawa, na je gaida Malama, wadda ita kaɗai ta rage cikin huɗun. Ba ta iya zuwa gaisuwa ba, ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Na iske ta a inuwar zaure da hantsi, an jingina ta da buhun gero. Muka yi wa juna gaisuwa, muka yi kuka kaɗan. Sai na ce mata ina da muryar ƙawarta a aljihu, in tana so ta amsa mata in ɗauka, a samu waƙa ɗaya cikakkiya.

Ta gyara zama, ta share bakinta da lulluɓi. Na kunna ta hawan tudu.

"Wa ke bayana?" in ji Gwaggo.

Malama ta ja numfashi ta fara. Muryar na nan, siririya, da lanƙwasarta. Amma kafin ta kai "sannu" Gwaggo ta riga ta shiga baiti na gaba. Na mayar baya. Ta sake gwadawa, aka sake taka ta. A na uku ta tsaya a tsakiya tana haki, ta ɗaga mini hannu.

"Kashe shi. Ba ta jira na. Da, in numfashina ya gaza, tana ji, sai ta jira."

Na kashe. Ta huta, sannan ta ce ni in amsa, tunda ina da ƙuruciya. Kalma huɗu ce, na san su. Na kunna, na buɗe bakin da na rufe tun ina lakwal, na amsa wa Gwaggo. Malama ta saurara da ido rufe, ta girgiza kai.

"Kalmomin ke nan. Muryar ma ta gidanku ce. Amma ba nan aka shiga ba."

"Ina ake shiga, Iya? Nuna mini."

Ta daɗe tana motsa leɓe, tana ƙoƙarin ji a cikin kanta.

"Ban sani ba," ta ce. "Innarki ka buɗe muna ƙofa, ni bin ta nike. Shekara talatin ban taɓa tambaya ba."

Na zauna da salula a cinya har rana ta cinye inuwar zauren, aka zo aka ja ta ciki. Da zan tafi na gaya mata zan rubuta wani abu a kan Gwaggo. Ta ce in na zo wurin addu'a in haɗa da ita, don ba ta ga wanda zai zauna ya rubuta tata ba. Na ce haba Iya, da sauranki. Ta ce in dai haɗa.

Ya Allah, ga bayinka mata huɗu da suka ɗauki dutse a ka don 'ya'yansu su ci. Ka gafarta wa Gwaggo zafin bakinta, ka yalwata mata kabari, ka sada ta da ɗiyar da ta rufe a hanya. Ka ji ƙan Innata. Ka ji ƙan maƙwabciyarmu da ke kwance a Agadas inda ba mu san kabarinta ba. Malama kuma, da ke zaune tana jira, in lokacinta ya yi ka sauƙaƙa mata numfashin ƙarshe. Amin.